Wayar da Aka Kulle da Kayan Gado

Litinin, 12 ga Mayu, 2025

Imel ɗin kamfanin da muke hayar saba a wurinsa ya sake shigowa, yau kam da jan rubutu. Wai babbar manhajar da sabarmu ke gudana a kanta ta tsufa, masu ita sun daina kula da ita, duk wanda bai ɗaga tasa zuwa sabuwa ba kafin ƙarshen wata za su kashe masa na'ura. Ƙarshen wannan watan fa. Ashe tun kafin azumi suke aiko da shi, a makon da Baban Nana ya rasu. Wa ke ta imel a lokacin?

Inna, mahaifiyarsa, tana nan gidanmu na Damba tare da ni tun da na shiga takaba. Ta ga na zuba wa laftof ido ta tambaya. Na ce mata sabar nan kwamfuta ce muke haya a wata ƙasa, ba mu taɓa ganinta ba, daga nan muke ba ta umarni. Ta ce, "To aljani ku ka haya ke nan." Na yi dariya, rabona da dariya har na manta.

A kan wannan aljanin Layin Manoma yake zaune. Mutum ya kira daga Wanke ko Ruwan Bore ko ƙauyukan Tsafe da 'yar ƙaramar wayarsa, ya ji labarin ruwa da na shuka da na tsutsa. Ni da Baban Nana muka gina, amma muryarsa ce ke tarbar mutane. Muryar ba ita ce damuwata ba, tana cikin laftof ɗina. Lambar layin ce. An ɗaure ta da adireshin wannan sabar, da sunansa. In aka kashe na'urar adireshin ya tafi, lambar da manoma suka haddace ta mutu, ga damina a bakin ƙofa.

Ba zan canja masa komai ba. Zan ɗaga manhajar kawai, in bar sauran yadda ya bari.

Talata, 13 ga Mayu, 2025

Innalillahi. Cikin sabar ina iya shiga da mabuɗin da ke laftof ɗina, wannan ba matsala. Amma mai hankali ba ya taɓa babbar manhaja sai ya ɗauki kwafin na'urar gaba ɗaya, wanda in abu ya lalace zai mayar. Wannan kuwa sai ta shafin kamfani. Na sa kalmar sirri ta shiga lafiya, sai ya ce ya tura lambobin tabbatarwa zuwa waya.

Wayarsa.

Wayar da Yaya Labbo, babban wansa, ya haɗa da agogo da riguna da makullin babur ya kulle a akwati ranar addu'ar bakwai, a gaban liman, ya tafi da su Bungudu. Ni kuma ko ƙofar gida ba na leƙawa.

Laraba, 14 ga Mayu, 2025

Na kira Yaya Labbo bayan azahar. Gaisuwa ta yi tsawo, ya tambayi Nana, ya tambayi Inna, ya yi mini ya haƙuri. Da na shigo da maganar sai muryarsa ta canja.

"Kayan marainiya ne, Maman Nana. Ba a taɓa su sai ranar rabo."

Rabo kuma sai bayan Sallah, in ƙanensu Abdullahi ya dawo daga aikin Hajji. Na ce Yaya ba wayar nake so ba, kunna ta kawai za a yi a karanto mini 'yan lambobi. Ya ce yau lambobi, gobe kuma mi? Wai shi ba zai tsaya gaban Allah da haƙƙin ɗiyar ƙanensa a wuya ba.

Abin haushin, ba mugunta ba ce. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da shi. Mutumin nan tsoron Allah ne ya yi masa yawa har ya toshe masa kunne. Allah ya yafe mini wannan maganar.

Alhamis, 15 ga Mayu, 2025

Zafi, ba wuta, Nana na ta rigima. Ban taɓa komai ba.

Asabar, 17 ga Mayu, 2025

Na rubuta wa kamfanin cewa mai asusun ya rasu. Sun yi mini ta'aziyya mai kyau da Turanci, sannan suka ce in aiko da takardar shaidar mutuwa da takardar kotu, za su duba cikin 'yan makonni. Makonni! Batun kashe na'ura kuwa wai ba sashensu ba ne.

Deborah ta zo daga Tsafe da rana tsaka, ƙafafunta duk ƙura. Ita ce malamar gonar da ke naɗar bayanin kowane mako ta tura kan layin daga wayarta, tun rasuwar ita kaɗai ke riƙe da wannan. Ta kawo wa Nana mangwaro. Na gaya mata komai, ta ajiye kofin ruwa ta ce, "Maman Nana, kin san akwai ƙauyukan da mu ma'aikata ba ma iya shiga yanzu saboda hanya. Layin nan kaɗai ke isa can."

Na sani. Shi ya sa ba na iya cin abinci.

Ta ce in dai zuwa Bungudu ne ita za ta je, ko sau nawa ne.

Talata, 20 ga Mayu, 2025

Ashe Inna duk tana ji. Yau da safe tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba, ta ce in kira mata Labbo. Na ba ta wayar na koma ɗaki, amma ana jin ta har zaure.

"Ni na haife shi, ni ma ina da gado cikin akwatin ga. Na ce a buɗe."

Sun daɗe. A ƙarshe ya yarda, da sharaɗi: a gaban liman da shaida, sau ɗaya, a kunna a karanta a kashe a mayar. Ya sa aka ba ni wayar ya ce in faɗa da bakina. Na ce sau ɗaya, Yaya, wallahi sau ɗaya. Don murna ko tunani ban yi ba na rantse.

Alhamis, 22 ga Mayu, 2025

An buɗe akwatin da hantsi. Deborah na can, ita ke ba ni labari ta wayarta. Batir ya mutu murus, sai da aka kai wayar shagon caji, liman na zaune yana jira a kan tabarma. Da ta kawo na faɗa wa Yaya yadda zai buɗe ta. Deborah ta ce mini a hankali, hoton Nana ne a fuskar wayar, tana kan wuyan babanta.

Na danna, lambobin suka tafi. Ba sa daɗewa suke lalacewa, shi kuwa Yaya sai da ya yi bisimilla, ya nemi tabarau, ya karanta ɗaya bayan ɗaya liman na maimaitawa kamar ana ɗaurin aure. Ni nan gumi har cikin idona. Amma na shiga!

Nan take na ɗauki kwafin na'urar, na zauna ina kallonsa har ya kammala. Sai na ce bari in mayar da lambar tabbatarwa zuwa wayata, a huta. Shafin ya ce to, ya tura wasu lambobin zuwa tsohuwar waya. Na kira Deborah da sauri. An riga an kashe, an kulle, liman ya sa takalmi.

Da wannan ya kamata in fara, ana tsaye. Kai, Hussaina!

Ba komai. Kwafi na hannu, shi ne babba.

Asabar, 24 ga Mayu, 2025

Ba a tsallakawa daga manhajarmu zuwa sabuwa kai tsaye, akwai wata a tsakani, sai an taka ta. Yau na yi hawan farko. Na bari sai da rana ta ɗaga sola ta cika batir, na goya Nana ta yi barci, na ce bisimilla.

Rubutu na ta gudu a baƙin allo. Can sai ya tsaya ya tambaye ni: ga fayil ɗin saiti da aka taɓa gyarawa, a bar naku ko a sa sabo? Nasa ne. Har da 'yan bayanan da yake rubuta wa kansa da Hausa a gefe, wani wuri ya sa "kar a taɓa nan, na sha wuya." Na ce a bar namu. Ya sake tambaya a wani, na ce a bar namu. Duk inda ya tambaya amsa ɗaya na ba shi.

Ana tsakiyar aiki sabis ya ɗauke. Allon ya daskare. Na fita tsakar gida da waya a sama kamar mahaukaciya, Inna na kallona daga kan sallaya. Allah ya sa na tayar da aikin ta yadda zai ci gaba can ko na yanke. Da sabis ya dawo na tarar yana jirana.

Na kashe na kunna, ta tashi. Na kira layin.

"Assalamu alaikum, Sama'ila ne, barka da zuwa Layin Manoma."

Na katse kafin ya ƙarasa. Yana aiki, shi ke nan abin da nake son sani.

Lahadi, 25 ga Mayu, 2025

Shafin kamfanin ya fitar da ni da kansa, wai don tsaro. Ba na bukatarsa in dai hawa na biyu ya tafi kamar na farko. In dai.

Talata, 27 ga Mayu, 2025

Ba ta dawo ba.

Na yi komai yadda na yi ranar Asabar. Ta gama, ta ce a kashe a kunna, na ce to. Na jira. Na ƙwanƙwasa sabar daga laftof, shiru. Na yi alwala na yi azahar na dawo, shiru. Na kira layin, ko ƙara ba ya yi, ɗif.

Ban san ko ta mutu ba ne ko tana raye ta kasa magana. Hanyar ganin fuskarta ɗaya ce, wata taga da ke cikin shafin kamfani. Mayar da kwafin ma ta can ne. Duk ta can ne.

Da hannuna na kashe layin. Kamfani bai ma kai ga kashewa ba, ni na riga su.

Laraba, 28 ga Mayu, 2025

Jiya da la'asar aka yi ruwa, na farko mai ƙarfi, har ya shigo mana zaure. Kowa na murna, ni ina zaune kamar an doke ni.

Deborah ta kira tun da sassafe. Hasashen da ke hannunta ya nuna bayan wannan ruwan za a yi ɗan fari, bayanin da ta naɗa na makon nan cewa yake a dakata da shuka, kar a zuba iri ya ƙone a ƙasa. Bayanin na wayarta, ba inda za ta tura shi. Ta ce mutane na ta kiranta, wanda ya san lambarta ke nan. Waɗanda ba su sani ba fa? Wasu irin da suka ɓoye shi ke nan gare su, in ya ƙone babu wani.

Na kira Yaya Labbo. Ban ma iya gaisuwar kirki ba.

"Kin ce sau ɗaya. Da bakinki, kin rantse."

Na ce na sani, na yi kuskure, zan yi kaffara. Ya ce shi ma ya ɗaukar wa liman alkawari, ba zai mayar da akwatin marainiya kamar tukunyar miya ba, a buɗe a rufe. Nan raina ya ɓaci. Na ce Yaya kana gadin waya kana kashe abin da mai wayar ya ƙare ƙarfinsa a kai, in Nana ta girma sai ka miƙa mata gilashi da roba ka ce ga abin da ubanki ya bari. Na ce har da wasu maganganun da ba zan rubuta ba.

Ya ce, "Allah shi ba mu haƙuri," ya kashe.

Inna na bakin ƙofa, ta ji duka. Ban taɓa ɗaga wa wani a gidansu murya ba sai yau.

Alhamis, 29 ga Mayu, 2025

Inna ta amsa gaisuwata, daga nan ba ta ƙara ba. Na roƙi kamfanin ko su ƙara mini kwanaki, na'ura ce ta ba ni amsa. Na ƙwanƙwasa sabar har na gaji da ganin kalma ɗaya a allo, wai ba a same ta ba. Jibi wata ya ƙare.

Ina jin tsoro. Ba wanda zan gaya wa sai nan.

Juma'a, 30 ga Mayu, 2025

Shi ya kira, bayan an sauko daga masallaci. Da na ga sunansa na ɗauka zai ce Inna ta haɗa kayanta.

Bai ko ambaci shekaranjiya ba. Ya ce mutane sun tare shi a ƙofar masallaci, wannan ya ce layin ƙanenka ya mutu, wancan ya ce mu shuka ko mu jira. Ya ce bai san mutanen Bungudu na kiran abin haka ba. Sannan ya ce, "Ni ma na kira. Ba shi shiga." Ban tambaye shi tun yaushe yake kira ba.

Ya kai wa liman maganar. Liman ya ce abin da mamaci ya bari mutane na amfana da shi sadaka ce mai gudana, ladan na isa gare shi a kabari, wanda ya tsare waya ya bar wannan ya yanke bai tsare wa marainiya komai ba. Rantsuwata kuma in yi kaffara.

Amma liman ya tafi jana'iza wani ƙauye, sai gobe da hantsi. Yaya ba zai buɗe ba sai yana nan, ban kuma roƙa ba, na koyi hankali. Gobe ne ƙarshen wata. Ban san da agogon wace ƙasa suke lissafi ba.

Na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ke ma taki ta ishe ki."

Asabar, 31 ga Mayu, 2025



Deborah ta kama hanya tun da safe, ta isa Bungudu kafin liman. Aka buɗe, aka karanto, na shiga. Wannan karon na ce Yaya don Allah kar a kashe. Ya ce yana nan.

Na buɗe tagar. Tana raye! Ta tashi lafiya lau tun ranar Talata, tana zaune tana jira, hanyar fita duniya ce ta ɓace mata. Na bi a hankali har na gano. Sabuwar manhajar ta canja wa ƙofar sadarwar suna, shi kuwa fayil ɗin Baban Nana da tsohon sunan yake kiranta. Fayil ɗin da aka tambaye ni na ce a bar namu. Wanda ya rubuta kar a taɓa.

Na daɗe ina kallon rubutun nasa. Deborah na cewa Maman Nana kina nan? Liman na da wurin zuwa.

Na goge abin da ya rubuta na sa sabon suna. Na kashe na kunna. Ta amsa.

Na ce Yaya saura ɗaya, zan mayar da lambar zuwa wayata. Ban gama ba ya ce turo. Ya karanto su da sauri, ko tabarau ban ji ya nema ba. Can na ji ya matsa gefe, na ji sallamar Baban Nana na fita daga wata wayar, ashe layin ya kira da tasa. Ya dawo ya ce, "Ya tashi." Muryarsa ba daidai take ba. Deborah ta tura bayaninta tana tsaye a ƙofar gidan.

Jan rubutun da ke shafin kamfani ya ɓace. Inna ta zubo mini tuwo da kanta, ta tsaya a kaina sai da na ci.

Litinin, 2 ga Yuni, 2025

Ina bin komai ɗaya bayan ɗaya don in tabbatar yana aiki, sai na iso wurin saƙonni. A ƙarshen gaisuwarsa yana cewa, "In kana da tambaya ka bar saƙo, zan kira ka." Shi ke sauraren su da kansa, ya nemo amsa wurin Deborah ya kira mutum. Tun da ya kwanta ba wanda ya buɗe wurin. Sun taru.

Na ce zan ji ɗaya kawai don gwaji.

Yawancinsu sun ji labarin rasuwar, wasu ma ta'aziyya suka bari, suna yi wa na'ura gaisuwar mutuwa. Amma akwai wani tsoho, Baba Gambo, daga wani ƙauye can bayan Tsafe. Na farko kan tsutsar da ta ci masa masara bara. Na biyu ya maimaita. Na ƙarshe makon jiya ne, kafin layin ya ɗauke.

"Malam Sama'ila, Gambo ne dai. Kullum kana cewa za ka kira, ba ka kira ba. In wani laifi na yi maka ka yafe mini."

Na rufe laftof ɗin. Na yi duk wannan wahalar don mijina ya ci gaba da yi wa mutane alkawarin da ba zai cika ba.

Talata, 3 ga Yuni, 2025

Ba a sake ruwa ba, Deborah ta yi gaskiya. Na auna hatsin kaffara na aika. Nana na ɗan tari. Sallah ranar Juma'a, ba ni da abin da zan shirya.

Na kira Baba Gambo. Tun rasuwar mutane ke yi mini ta'aziyya, ni ban taɓa gaya wa kowa da bakina cewa ya rasu ba sai yau. Ya yi salati ya daɗe yana addu'a. Sannan ya ce, "To ɗiyata, yanzu wa za mu tambaya?" Na ba shi amsar tsutsarsa da na samo wurin Deborah.

Ɗan gyara na yi a gaisuwar, ba wani abu ba. Sallamarsa na nan, barka da zuwansa na nan. Jimlar ƙarshe kawai na cire. Wurin bai yi kyau ba a wofi, shi ya sa na naɗi wata da muryata, na faɗi sunana. Na tambayi Inna ko ya dace mai takaba ta sa muryarta a inda maza za su ji. Ta tashi ta kore awaki daga bakin taga, ta ja mini ƙofa.

Na wucin gadi ne, kafin a samu wani.

Kafin magariba saƙo ya shigo daga Wanke. Mutumin ya yi gyaran murya, sannan ya ce, "Malama Hussaina, batun irin dawa ne." Gobe zan tambayi Deborah in kira shi.